Wasiƙa kan gwajin ƙwaƙwalwar Inna

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Zangon Kumasi. Na ga saƙonka kan jikin Inna, Allah Ya ba ta lafiya. Maki 19 ɗin nan da ka ce ta samu a gwajin ƙwaƙwalwa, wanda ya tayar maka da hankali, kada ka ɗauke shi hukunci tukuna.

Gwajin tambayoyin da aka yi mata, MMSE, maki 30 ne. A Amurka aka fito da shi a 1975, kuma daga ƙasa da 24 ake fara zargin cutar mantuwa. To amma dubi tambayoyin: ta yi ta cire 7 daga 100, ta rubuta jimla, ta kwaikwayi zane, ta faɗi kwanan watan Turawa. Matar da ba ta shiga boko ba, wadda lissafinta Rajab ne da Sha'aban da azumi, ai ko tana 'yar shekara 40 sai ta zubar da maki. Ka tambayi likitan ko suna da gwajin IDEA, wanda aka tsara don waɗanda ba su yi karatu ba, aka kuma gwada a Tanzaniya da Najeriya.

Shi kuwa EEG, gwajin motsin ƙwaƙwalwa da za a yi mata, ka kwantar mata da hankali, ba lantarki ake sa wa mutum ba. Wayoyi kusan 20 ake mannawa a fatar kai, su ɗauko motsin ƙwaƙwalwa. Mai lafiya in ya rufe ido, igiyar da ake kira alfa tana kaɗawa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa. Yayin da cutar ke tsananta sai alfa ta ja baya, igiyoyi masu nawa su yawaita, har da delta mai ƙasa da 4. Sai dai a farkon cutar sakamakon kan fito lafiya lau, kuma gyangyaɗi ko maganin barci ma suna kawo wannan nawar.

Ni a ganina, babbar shaida ita ce ƙanwarka da ke zaune da ita. A tafi da ita, ta faɗi ko Inna tana ɓata raka'o'i, ko tana manta tukunya a wuta, ko tana gane jikoki, da kuma yaushe abin ya soma. A kuma roƙi gwajin jini na bitamin B12 da na sinadarin tayroyid, wanda wani ƙullu a wuya ke samarwa, don ƙarancinsu yana kama da gigin tsufa, kuma yana da magani.

Daren da za a je gwajin EEG, a tsefe mata kitso, a wanke kan, kada a shafa mai, in ba haka ba wayoyin ba za su kama ba.

Ka gaishe min da ita da kyau.

Naka har kullum.