Zuwa ga 'Yan Ƙungiya: Abin da Ya Samu Malam Nas da Iyalinsa a Landan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu na nan Ingila, da na Kanada da Amurka da Saudiyya, muna gaishe ku da sanyi. Rahoton rijiyar burtsatse muka yi niyyar aiko muku wannan watan, amma abin da ya faru ranar Asabar ta makon jiya ya ture komai, kuma kwamiti ya ce in rubuta da kaina, in faɗi yadda abin yake, tunda an fara jin labarin iri-iri har a gida.

Kun san Malam Nas na Hull, ma'aikacin jinya. Shekara huɗu yana can, ba a taɓa bin sa kuɗin wata na ƙungiya ba. Ya samu aiki a wani asibiti a gabashin Landan, aka ba shi ranar fara aiki, ya shiga neman gida mai ɗaki biyu don shi da uwargida da yara uku, ƙaraminsu ma na goye. Wani daga cikinmu ya tura masa lambar wani mutum, wai yana da gida a Barking, fam 1,200 a wata. Mutumin ya ce ba ya ƙasar, ya turo bidiyon ɗakunan da takardar yarjejeniya mai tambari, ya ce ƙaninsa zai kawo makulli ranar tarewa. Malam ya tura kuɗin wata guda da kuɗin ajiya. Ya sallami mai gidansa na Hull, ya mayar da makulli, ya cire yara daga makaranta, aka loda kaya a mota.

Sun iso ana dab da magariba, kun san yanzu ƙarfe huɗu duhu ya fara. Ya danna ƙararrawa, wata tsohuwa ta leƙo, ta ce gidanta ne, ta daɗe a ciki, ba ta taɓa sa shi haya ba. Ya kira lambar, a kashe. Direban motar kaya kuma yana duba agogo, don da awa ake biyansa. Ni da Ma'aji muka isa wajen bayan isha. Mun tarar da katifu a jingine da katanga, yayyafi na sauka a kansu, uwargida na tsaye da goyo, ta rungume kular shinkafar da ta dafo tun daga Hull don a ci a sabon gida. Babbar 'yar tana tambayar ubanta, "Abba, wace taga ce ta ɗakinmu?" Bai amsa mata ba, ni ma ban iya kallonsa ba.

Kayan suna garejin Ma'aji. Iyalin suna falon Hajiya Babba a Ilford, yau kwana tara, ita da ke fama da gwiwa. Allah ya saka mata da alheri. An kai ƙara wajen 'yan sanda, an sanar da banki, muna jira.

Damfara kan samu kowa, kuma ba ita ce ta fi ci mana rai ba. Ranar Talata Malam ya samu gida na gaskiya a Dagenham ta hannun ejan mai ofis, ya je ya gani da idonsa, fam 1,800 a wata. Bari in yi wa na nesa lissafin, don na Jidda da na gida suna jin albashin Ingila su ɗauka kuɗi ne ake shara. Yawancin ejan a nan suna so abin da kake samu a shekara ya ninka hayar wata sau 30, wato fam 54,000 ke nan ga wannan gidan. Ma'aikacin jinya sabon shiga a mataki na 5 na albashin asibitocin gwamnati, a 2025 albashinsa kaɗan ya haura fam 31,000 a shekara. Hukumar lafiya ta NHS tana ƙara wa ma'aikatan Landan wani abu saboda tsada, kashi 20 cikin ɗari a tsakiyar birni, 15 a unguwannin waje, 5 a garuruwan gefe, kuma kowanne yana da iyakar da ba ya wucewa. Ko an haɗa ƙarin da shekarun da Malam ya yi yana aiki, bai kai ba. Uwargida ba ta aiki saboda jariri. Bizarsu kuma irin wadda aka rubuta wa ba ruwanka da tallafin gwamnati ce, don haka babu gidan kansil, wato gidan haya na ƙaramar hukuma, babu taimakon haya. Abu ɗaya ya rage, ejan ya ce a kawo garanto, wato wanda zai tsaya masa ya biya in ya kasa, mazaunin ƙasar nan, wanda samunsa ya ninka hayar sau 36, kusan fam 65,000, ko wanda ya mallaki gida nasa na kansa.

Sakatare ya rubuta a zauren WhatsApp da safe. Zuwa azahar alama ta nuna kusan kowa ya karanta. Babu wanda ya ce uffan. Da yamma wani ya turo bidiyon wa'azi a kan falalar zumunci, wani ya turo tallan shadda. Ranar Alhamis ejan ya ba wasu gidan.

Na san dalilin shirun, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Bara Likita ya tsaya wa wani ɗan ƙungiyar nan, ya sa hannu saboda an ce masa ɗan unguwarsu ne a gida, iyayensu ma sun san juna. Mutumin ya samu hanyar Kanada, ya tafi cikin dare bai yi sallama da kowa ba, ya bar bashin hayar watanni. Takardar kotu gidan Likita ta zo. Ya biya daga kuɗin da yake tarawa don kai mahaifiyarsa Umara, domin in hukuncin bashi ya hau sunanka a ƙasar nan kuma ba ka biya cikin wata guda ba, shekara shida zai yi a rajista, ko layin waya ka nema sai an ja maka rai. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu, ban ga laifin Likita ba, ban ga laifin waɗanda suka ga abin da ya same shi suka ja baya ba. Amma wanda ya yi wannan aika-aika har yanzu yana cikin zauren nan, yana karanta wannan saƙo, yana sa hotunan dusar ƙanƙara. Ɗan uwa, kuɗin Likita kaɗai kake tsammanin ka ci? Ka ci yardar da ke tsakaninmu, ga shi yau yara uku suna kwana a kan kafet saboda kai. Ba mu faɗi sunanka ba don darajar mahaifinka, wanda ya koya wa da yawa daga cikinmu karatun allo. Muna ba ka zuwa ƙarshen watan gobe ka kira Likita ku tsara yadda za ka biya. In ba haka ba, dattawan gida za su ji, kuma daga bakinmu za su ji.

Sai wanda ya tura wa Malam lambar. Ya ce shi ma a wani zaure ya gani, bai san mutumin ba. To, mun ji. Amma an nuna mana saƙon da ka nemi na goro kafin ka ba da lambar. Ka karɓi ladan dillanci a kan gidan da ba ka taɓa takawa ba, daga hannun mutumin da ke kiranka Yaya. Ka mayar masa da kuɗinsa kafin taro.

Kuma tunda an buɗe maganar, akwai masu gidan kansil a cikinmu da ke sa sababbin zuwa a ɗaki ɗaya, miji da mata da yara, su karɓi abin da ya kusa biya musu hayar gidan gaba ɗaya, babu takarda, babu rasit, a hana su kunna hita sai dare, a hana su amfani da adireshin. Wanda ba shi da adireshi yaya zai nema wa ɗansa makaranta a wajen kansil? Wasu ma sun bar gidan ɗungurungum sun sa 'yan haya, alhali tun dokar 2013 wannan laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Ran da asiri ya tonu, baƙon da bai san hawa ba bai san sauka ba shi za a fara watsa wa kaya waje. Mu da muka zo tun da daɗewa mun kwana a falon mutane a Peckham, an ba mu bargo da shayi, an raka mu masallacin Old Kent Road ran Juma'a don mu san mutane, ba wanda ya ce mu kawo sisi. Ban san lokacin da muka zama haka ba.

Da asusun gaggawa yana da rai, da mun biya wa Malam hayar watanni a gaba ejan ya haƙura da garanto. Ma'aji ya buɗe littafi a gaban kwamiti, abin da ke ciki ko otal na mako guda ba zai biya ba. Fiye da rabinmu ba su biya kuɗin wata ba tun Babbar Sallah. In an yi rasuwa kowa na son a ga ƙungiya ta tsaya, in an zo biyan fam goma sai a ce ana aiki dare. Dukkanmu muna aikin daren.

Ga abin da kwamiti ya yanke, za a kawo shi taro don amincewa. Daga yanzu ba mutum ɗaya zai ɗauki nauyin tsayawa shi kaɗai ba. Wanda ya sa hannu a matsayin garanto, mutum uku za su rubuta masa alkawarin raba asara in ta zo, kuma asusun ƙungiya ne zai fara biya. Wanda za a tsaya wa sai ya shekara yana biyan kuɗin wata, ko dattijo biyu su shaide shi, ya kuma yarda a riƙa nuna wa Ma'aji shaidar biyan haya. Wasu za su ce wannan rashin yarda ne. E, shi ne, kuma kun san wanda ya jawo.

Masu shirin tasowa Landan da iyali, don Allah ku saurara. Maigida ya fara zuwa shi kaɗai, ya kama ɗaki ko ya sauka wajen ɗan uwa, iyali su zauna inda suke har makulli ya shiga hannu. Matsakaiciyar haya a Landan ta haura fam 2,000 a wata, a arewa maso gabashin Ingila ko rabin haka ba ta kai ba, saboda haka ƙarin albashin da ya ruɗe ka, haya da harajin kansil da kuɗin jirgi za su haɗiye shi su nemi ƙari. In ka ga gida mai ɗaki biyu a rabin kuɗin maƙwabtansa, ka tambayi kanka me ya sa ya jira ka. Kada ka tura ko fam ɗaya sai kai ko wani namu ya shiga gidan da ƙafarsa. Da fam 7 za ka duba sunan mai gida a shafin hukumar rajistar filaye, da Malam ya yi haka da tuni ya gane. Tun dokar 2019 kafin alƙalami ba ya wuce hayar mako guda, kuɗin ajiya ba ya wuce na mako biyar, kuma dole mai gida ya sa shi a ɗaya daga cikin asusun da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, ya ba ka shaida. Ejan ba shi da ikon karɓar kuɗin duba gida ko na cike takarda. Mai gida na gaskiya zai nemi lambar da ke nuna bizarka ta ba ka damar kama haya, domin doka ta tilasta masa, wanda bai tambaya ba ku yi hattara da shi. Kuma kada a nace sai kusa da asibiti. Layin jirgin ƙasa na Elizabeth ya sa Romford da Slough sun matso, Luton ma akwai namu da masallatai da mahauta. Akwai sabuwar dokar 'yan haya da aka sa wa hannu a Oktoban 2025, wadda ta tanadi cewa daga 1 ga Mayun 2026 an hana ƙin ba mutum gida don yana da yara, ta kuma hana karɓar fiye da hayar wata guda a gaba. Alheri ce, sai dai ku lura, in an toshe hanyar biyan watanni a gaba, garanto zai ƙara tsada ke nan ga irinmu. Wanda ya shiga rikici da mai gida ya nemi ƙungiyar Shelter ko ta Citizens Advice, shawararsu kyauta ce.

Yanzu dai Malam ya fara aiki, daga falon Hajiya yake tafiya. Yaran biyu ba su koma makaranta ba. Akwai wani gida a Romford da za a duba ranar Laraba, kuma har yanzu garanto muke nema. Ni na sa sunana cikin ukun da za su raba asara, Ma'aji ma ya sa. Saura mutum ɗaya, da wanda zai sa hannu. Mai niyya ya kira ni kai tsaye, ba sai ya rubuta a zaure ba. Mai gudummawar kuɗi ya tura asusun ƙungiya ya rubuta "Malam Nas". Mata kuma su tsara kai wa Hajiya cefane, baki shida ba wasa ba ne.

Sauran batutuwa a taƙaice. Rijiyar burtsatse ta kai ruwa, saura tanki da sola, rahoto na nan tafe. Ta'aziyyar mahaifiyar Injiniya, an aika wakilai, Allah ya jiƙanta. Sunan jaririn Malama ranar Lahadi bayan azahar, a gidansu. Kuɗin jarrabawar marayu, na Kanada sun cika nasu, na Amurka muna jira. Taro Asabar ta ƙarshen wata bayan la'asar, inda aka saba, na nesa ta Zoom. Ma'aji zai karanta sunayen waɗanda ake bi bashi a wajen taron, wanda ba ya so a karanta nasa yana da mako biyu.

Wassalam.

Shugaba, a madadin kwamitin zartarwa