Ƙarin garantin talabijin: a karanta takarda kafin a biya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in ja hankalin masu sayen talabijin game da ƙarin garanti, wato garantin da ake biyan kuɗinsa daban a kan wanda kamfani ya bayar, da ake tallata musu a daidai lokacin da suka zaro kuɗi za su biya. Gyaran talabijin ne sana'ata, kuma abin da nake gani a kan teburina ya sa ba na ba kowa shawarar ya saye shi ido rufe.

Manyan kamfanoni irin su Samsung da LG da Sony sukan ba da garantin shekara 1 a ƙasashe da dama, a Tarayyar Turai kuwa doka ta ba mai saye kariyar shekara 2. Talabijin da ta fito da aibi daga masana'anta takan nuna halinta tun a watannin farko, ko layi ya fito a gilashi, ko ta riƙa kashe kanta. Garantin farko ya ɗauki nauyin wannan kyauta. Wani ƙarin garantin kuma daga ranar saye yake fara ƙidaya, ka ga ke nan a shekarar farko mutum ya biya kuɗi a kan abin da dama haƙƙinsa ne.

Abin da ya fi damuna shi ne jerin abubuwan da aka cire, wanda ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe can ƙasan takarda. Faɗuwa ba ta ciki, ruwa ba ya ciki. A takardu da yawa tsawa da wutar da ta zo da ƙarfi su ma an cire su. To, waɗannan su ne ke kawo mini aiki kullum. Kana buɗe bayan talabijin za ka ji ƙaurin ƙonewa, ka ga allon wuta ya yi baƙi, kafasita, wato 'yar na'urar da ke adana caji a kan allon, ta kumbura. Wata baiwar Allah ta zo mini da takardarta a ninke cikin leda, tana da yaƙinin za a sauya mata, bayan ɗanta ya jefi gilashin da rimot. Inda ta saya suka nuna mata layin da ya ce ban da fashewa. Na tausaya mata ƙwarai, domin gilashi shi ne mafi tsada a jikin talabijin, sauya shi yakan kusa kai kuɗin sabuwa. Masu talabijin mai nau'in gilashin da ake kira OLED su ma su duba, tabon da tambarin tasha ke bari a gilashi ba kowane garanti ke ɗaukarsa ba.

Lalacewar da garantin ke ɗauka kuwa galibi mai sauƙin gyara ce. Idan kana jin magana amma babu hoto, haska tocila a gilashin. In ka hango hoto dishi-dishi, fitilun baya, masu haska gilashin daga ciki, ne suka mutu, kuma sauya su bai kai abin da za a tayar da hankali ba. Kada kuma a manta, mai tallata garantin yakan samu kamasho a kansa, shi ya sa bakinsa ke zaƙi.

Ban ce ba shi da amfani sam ba. Wanda ya sayi babbar talabijin mai tsada, ga yara a gida, idan takardar ta ambaci fashewa da matsalar wuta ƙarara, to ya saya. Amma ya tambaya tukuna: wa zai yi gyaran, wa zai biya kuɗin ɗauko ta, kuma in ta ƙi gyaruwa sabuwa za a ba shi ko gyararriya?

Sauran jama'a kuwa, gara su sa kuɗin a sitabilaiza mai kyau da ƙarfen maƙala talabijin a bango inda hannun yaro ba ya kaiwa. A zare soket idan hadari ya taso, a rage hasken fitilun baya don su daɗe, a kuma adana rasit.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku,
Wani mai gyaran talabijin