Ba alfarma aka yi wa Swin Cash ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na rubuto ne a kan shirinku na wasanni na ranar Asabar, inda mai gabatarwa ya ce, yana dariya, wai ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta Amurka, New Orleans Pelicans, ta ɗauki tsohuwar 'yar wasa Swin Cash a 2019 ne don kawai a ce akwai mace a ofis. Maganar ta ƙona mini rai ƙwarai, balle da yake 'yata, wadda ita ma take buga ƙwallon kwando, tana gefena tana tsince shinkafa lokacin da ya faɗe ta.

Ranka ya daɗe, matar da ta ci kofin jami'o'in Amurka sau biyu da Jami'ar Connecticut, ta ci kofin WNBA, wato gasar ƙwararrun mata ta Amurka, da Detroit Shock a 2003 da 2006, ta sake cinsa da Seattle Storm a 2010, ta kuma rataya lambar zinariya a gasar Olamfik ta 2004 da ta 2012, ita ce za a ce an yi wa alfarma? Ko da ta ajiye ƙwallo a 2016, sai da ta yi aiki a ofishin ƙungiyar mata ta New York Liberty kafin Pelicans su naɗa ta mataimakiyar shugaba mai kula da harkokin wasa.

Na san wannan dariyar, domin ni ma an yi mini ita. Shekara 11 na yi ina horar da 'yan mata a wata makarantar sakandare, a filin siminti da duk ya tsattsage. Ni ke sayen ragar kwando daga albashina, ni ke bin gida-gida ina roƙon iyaye su bar 'ya'yansu su zo atisaye bayan la'asar, da hijabinsu da dogon wando. Ranar da aka tashi naɗa shugaban sashen wasanni, sai aka ba wani malami da bai san ko mutum nawa ke shiga fili ba, ni kuwa aka ce mini aikin kasafi da zaman taro ba na mata ba ne.

Haka kuma ban manta ba, lokacin da D'Tigress, 'yan ƙwallon kwandon mata na Najeriya, suka kai zagayen 'yan takwas a Olamfik ta 2024 ƙarƙashin mai horar da su Rena Wakama, a gurguje kuka ba da labarin kuka koma kan ƙwallon ƙafar Ingila.

Ina roƙon mai gabatarwar ya janye maganarsa a shiri mai zuwa, da bakinsa, domin 'yata za ta saurara.

Wassalam,
Malamar wasanni daga Zariya