Rahoton ayyukan shekara: aikinmu da ƴan mazan jiya a Maradi

Assalamu alaikum ƴan uwa mambobi, iyayenmu ƴan mazan jiya, da iyayenmu mata masu riƙe da gidaje.

Kamar yadda dokar ƙungiya ta tanada, ga bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare wajen taimaka wa ƴan mazan jiya masu fama da firgici bayan yaƙi. Lissafin kuɗi ba ya cikin wannan takarda. Ma'aji zai karanta shi da bakinsa ranar babban taro, da rasiɗai a hannu.

Yawancin waɗanda suka zauna gaban masananmu na halayyar ɗan Adam bana sun yi aiki ne a Diffa, tun daga lokacin da Boko Haram ta far wa Bosso da garin Diffa a Fabrairun 2015. Sai waɗanda suka yi Tillaberi, inda aka rasa sojoji 71 a Inates a Disambar 2019, wata guda bayan haka aka rasa 89 a Shinagodar. Yanzu kuma mun fara ganin waɗanda ba su yi nisa ba, nan bakin iyakarmu suka gwabza da ƴan bindiga, wajen Madarunfa da Gidan Rumji.

Ba wanda ke shigowa ya ce yaƙi ne ya biyo shi gida. Barci ne ya ƙi zuwa, ko baya ke ciwo, ko maiɗaki ta yi yaji. Wani dattijo, wanda ya yarda a ba da labarinsa ba tare da suna ba, sai da ya zo sau uku kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Taya ce ta fashe kusa da tasha, bai san lokacin da ya tsinci kansa ƙarƙashin teburin mai shayi ba, yara na dariya. Tun ranar bai sake zama fada ba. Ko a ɗakinmu bai taɓa bai wa ƙofa baya ba, har mai duba shi ya koma jera kujeru yadda duk wanda ya zauna zai riƙa ganin hanyar fita.

Muna amfani da takardar tambayoyi 20 wadda ma'aikatar ƴan mazan jiya ta Amurka ta tsara don auna wannan ciwo na firgici bayan tashin hankali. Da baki ake karanta ta, cikin Hausa, kuma nan muka sha wuya. Duk tambayar da kalmar "tsoro" ta fito a ciki, amsar a'a ce. Soja ba ya amsa tsoro. Da aka mayar da ita "faɗuwar gaba" da "razana", sai bakuna suka buɗe.

Babban abin da ya canza bana shi ne batun ƙwaya, kuma gara mu faɗi gaskiya: a da mun yi kuskure. Mukan ce wa mutum ya bar tramol tukuna, sannan ya dawo a yi maganar abin da ya gani. Kaɗan ne suka dawo. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa kwana da mai janyewa daga tramol: zufa, ciwon gaɓoɓi, zawo, ga mugun mafarkin da ƙwayar ke dannewa ya dawo da ƙarfinsa. Mutum ya kwana biyu ido biyu, da asuba ya nufi mai tebur. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini, amma ƙwayoyin da ke yawo a kasuwa akwai na 200 da na 225, wani kuma ya watsa uku ko huɗu cikin kofi lokaci guda. Daga nan jijjiga ke zuwa, iyali su ɗauka farfaɗiya ce ko iska.

Yanzu tare ake yin aikin biyu. Likita na rage ƙwayar sannu a hankali, masanin halayya kuma na zama da mutumin mako-mako, yana koya masa yadda zai kwantar da numfashi, sannan su bi labarin daki-daki har ya iya faɗinsa ba tare da jiki ya ɗauki rawa ba. Ba mu muka ƙirƙiro hanyar ba. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar irin wannan magani na zama da tattaunawa kan abin da ya faru, da kuma hanyar motsa idanu da ake kira EMDR, ta kuma ja kunne kan bai wa mutum ƙwayoyi irin su diyazefam cikin watan farko bayan tashin hankalin. Wannan jan kunne mun maimaita shi har mun gaji, don har gobe akwai masu saye a tebur su bai wa ɗan uwa wai ya samu barci.

Zaman mata na ranar Alhamis ya fi duk abin da muka yi tsammani. Su ne ke sanin dare nawa maigida ya yi bai runtsa ba, su ne ke ɓoye wuƙa, su ke kwashe yara idan ransa ya ɓaci. Da yawa daga cikin mazan da ke zuwa yanzu, matansu ne suka fara zuwa.

Da malamai kuwa ba mu da faɗa. Mun zauna da limamai, muka yi yarjejeniya ta fatar baki: mai son ruƙiyya ya je, amma idan malam ya ga alamar ƙwaya ko ya ji mutum na maganar kashe kansa, ya turo shi ranar, ba gobe ba. Ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da shan ƙwaya, da 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa, mun yi fira a rediyo. Abin da ya fi jawo kiran waya shi ne da aka ce sai a 1980 likitocin Amurka suka sanya wa ciwon suna, bayan sojojinsu da suka dawo daga Biyetnam sun daɗe suna kuka. Wato ba ragwanta ba ce, ba kuma a kan sojan Nijar aka fara ba.

Inda muka gaza, mun gaza. Da damina ta sauka zama ya watse, kowa ya tafi gona, wasu ba su dawo ba ko bayan kaka. Dakoro da Mayahi mun yi alkawarin zuwa duk wata, kuɗin mai ya hana. Mafi muni, a wani wurin da aka ara mana ɗaki, wani ma'aikaci ya ɗaga murya ya kira sunan mutum a gaban jama'a, har da faɗin abin da ya kawo shi. Mutumin bai sake taka ƙafarsa ba, kuma laifinmu ne da ba mu tsaya kan ƙofar da kanmu ba. Mun bar wurin. Takardun masu zuwa yanzu lamba ce a kansu, ba suna ba.

Abu biyu muke so babban taro ya yanke: ko a mayar da zaman damina zuwa bayan la'asar ranar Juma'a, da kuma ko a ware wani abu daga kuɗin wata don biya wa masu zuwa daga ƙauye kuɗin mota. Wanda bai biya kuɗin watannin baya ba, ya ga ma'aji kafin ranar.

Sakataren ƙungiya