Maɗoranmu na Bukatar Makaranta Kafin Hannayen Su Ƙare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Mile 12, Legas, amma gidan ɗori na tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, maɗori ne a ƙauyenmu. Karaya, targaɗe, gocewar ƙashi, da ya shafa ya san inda matsalar take. Mu tara ya haifa, kowa ya kama neman kuɗi, ranar da aka kai shi makwanci aka rufe har da sana'ar.

Abin da ya tayar min da wannan tsumi shi ne wani yaro ɗan dako da ya zame da buhu a ka a daminar bana. Aka kai shi wurin wani mai ɗori a unguwa, ya ɗaure hannun tamau da kara da tsumma. Kwana uku yatsu suka fara baƙi. Da ƙyar likitoci suka ceci hannun, yatsu biyu sun tafi. Mutumin ba mugu ba ne, rabin sana'ar ya gada.

Ina ba ɗana labarin, shi da yake karatun tattalin arziki a jami'a, sai ya kawo min tarihin wasu Turawa, uba da ɗa. Daniel David Palmer, haifaffen Kanada, shi ya kafa sana'ar gyaran ƙashin baya da hannu da suke kira kairofiraktik. A 1895, a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, ya danna bayan wani mai shara, Harvey Lillard, ya ce kurumtarsa ta yi sauƙi. Ya buɗe makaranta a 1897. A 1906 hukuma ta ɗaure shi saboda yin magani ba lasisi, ya mutu a 1913.

Ɗansa B.J. Palmer ne ya raya abin, ko da yake shi da uban ba su jituwa. Ya riƙe makarantar, ya shigo da na'urar hoton ƙashi a 1910, a 1922 kuma ya mallaki gidan rediyon WOC yana tallar sana'ar. A wannan gidan rediyo Ronald Reagan ya taɓa sharhin wasanni kafin ya zama shugaban Amurka. Makarantar tana nan har gobe.

Kada a ɗauka na haɗiye duk abin da suka faɗa. Palmer babba ya yi iƙirarin cewa kusan kowace cuta daga gocewar ƙashin baya take, kuma binciken likitoci bai gaskata haka ba. Inda aka ga ɗan amfanin aikinsu shi ne ciwon ƙugu da baya. To, abin da ya tsaya min a rai ke nan. Sana'ar da tushenta ke da rauni haka ta samu makaranta da jarrabawa da lasisi, tamu kuwa, da kakanni suka yi ɗaruruwan shekaru suna tayar da karyayyu, har yau galibi gado ne ke riƙe da ita.

Yaron nawa ya ce akwai masanin da ya yi bayanin wannan, Joseph Schumpeter, mutumin Ostiriya. Ya riƙe ministan kuɗi a 1919, bankin da ya shugabanta ya shiga matsala a 1924, shi kuma ya karye, bashi ya hau kansa (nan na ji ya zama ɗan'uwa, don wanda bai taɓa karyewa ba bai san kasuwa ba), daga 1932 ya koyar a Harvard har mutuwarsa a 1950. A ganinsa gano abu daban, mayar da shi harka mai tafiya daban, kuma mai yin na biyun ne ke motsa arziki. A 1942 ya rubuta cewa sabuwar dabara kan rusa tsohuwa ta hau gurbinta. Mu 'yan Legas ba sai an fassara mana ba, mun ga yadda wayar salula ta kashe rumfunan buga waya, POS kuma ya rage layin banki.

Ɗori ma haka za ta same shi idan ya tsaya inda yake. Amma kafin nan mutane ba su daina zuwa ba, don maɗori yana kusa, kuɗinsa kaɗan, kuma yana jin yarenka.

Roƙona ga sarakunan Hausawa na Agege, Idi-Araba da Mile 12 shi ne su ƙirga maɗoran da ke unguwanninsu, su nemi zama da asibitin ƙashi na Igbobi. A koya musu abu uku kawai: karayar da ƙashi ya huda fata ba tasu ba ce, a ɗauki hoto kafin a ɗaure, kuma yatsa ya yi sanyi ko ya sauya launi a kwance nan take a tafi asibiti. 'Yan'uwa a Kano su yi haka da asibitin Dala. Idan an sa rana, kuɗin motar maɗora biyar daga Mile 12 zuwa Igbobi yana wuyana.

Naku,
Wani ɗan kasuwar albasa,
Mile 12, Legas