Me ya sa fuskokin manzanni suka yi kore? Amsa ga mai tambaya

Ɗan'uwa, gaisuwa mai yawa.

Ka yi tambaya a bainar jama'a kan tsofaffin zane-zanen cocin Italiya: me ya sa fuskar Bitrus da sauran manzannin Almasihu take fita kore-kore, ko alamar azumi ce ko ta wahala? Ba ko ɗaya. Shafen da ke ƙarƙashin launin fata kake gani, wanda mai zanen bai yi nufin ya fito fili haka ba.

Ɗauki babban allon bagadin da mai zane Duccio ya yi wa babban cocin birnin Siena daga 1308 zuwa 1311. Irin wannan aiki a kan katakon itacen foflar ake yinsa. A shafe shi da manne na dafaffiyar fata, a liƙa ƙyallen lilin a kan gaɓoɓi, sannan a bi da farin alli da aka kwaɓa da manne. Cennino Cennini, wanda ya rubuta ƙa'idojin sana'ar wajen shekarar 1400, ya ce lallausan allin a shafa shi kamar sau 8, a kankare har ya yi sumul. Inda zinariya za ta hau, a shimfiɗa jan yumɓu, a ɗora ganyen zinariya, a goge da dutse mai santsi ko haƙorin kare.

Fuska ita ce mai wuya. Da gwaiduwar ƙwai ake dama launi, kuma nan da nan yake bushewa, ba ya ba ka damar cakuɗa shi a kan allo. Don haka sai a fara da shafi 2 na koren ƙasa, wato launin da ake samu daga wata koriyar ƙasa, haɗe da farar dalma a duk inda fata za ta fito. A zana inuwar ido da hanci da haɓa da wani launi mai duhu. Daga nan a jera launin fata mataki 3 da siraran layuka, ɗaya kusa da ɗaya, kamar saƙa, a ɗiga ja a kumatu da leɓe. Koren da ke ƙasa shi ke kashe kaifin jan, fata ta yi kama da ta mai rai. Cennini har ƙwai ya bambance: na kazar birni, mai farar gwaiduwa, don fuskar matasa, na kazar ƙauye don dattawa irin Bitrus.

Ɓarnar daga baya ta zo. Shafin sama siriri ne ƙwarai. Jan da ake samu daga tsiro ko ƙwari yana koɗewa a haske, masu wanke zane na da kuma sun yi ta dirza da sabulu da ruwan toka, suka tafi da fatar suka bar koren. Wannan abin takaici ne, domin da niyyar gyara suka yi shi. Allon Duccio ma bai tsira ba: a 1771 aka sa masa zarto, shi ya sa ɓangaren da ke nuna Almasihu yana kiran Bitrus da Andarawus yake birnin Washington na Amurka yau.

In kana son tabbatarwa, matso da hoton irin wannan zane ka dubi goshi da karan hanci. Can farar dalma ta yi kauri, launin fata yana nan. Koren ya fi yawa a gefen kumatu da wuya, inda shafin ya fi siranta.

Na gode da tambayar.