Ina talakan Legas zai kai 'ya'yansa su ga teku?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan bakin teku a Legas.

Duk wanda ya daɗe a garin nan ya san Bar Beach da ke Victoria Island. Kyauta ake shiga, daga Obalende kuma ba nisa. Ranar Sallah magidanci ya kwashi yaransa, a sayi tsire, ƙaramin ya hau doki yana ihu, babban ya tsoma ƙafa a ruwa uwarsa na kwaɗa masa kira. Gaskiya ne teku ya riƙa cin gaɓar, har ruwa kan malalo titin Ahmadu Bello Way. Maganin da aka kawo shi ne a cike wurin da yashi, a jera katangar duwatsu, a kafa sabon birnin Eko Atlantic. An tsare titi, amma ba a ba jama'a madadin abin da suka rasa ba.

Yau in ka nufi bakin teku irin na Elegushi sai da kuɗin ƙofa. A wasu wuraren ma kuɗin shiga somin taɓi ne: ga na ajiye mota, ga na rumfa da kujera, in ka zo da tuwonka daga gida a ce shi ma sai ka biya. Mai 'ya'ya biyar ya lissafa wannan, ya ɗora kuɗin mota daga Agege, ai sai ya haƙura. Landmark, wurin shaƙatawa na bakin teku da masu hali ke zuwa a da, ita ma an rushe gaɓarta a 2024 saboda titin Legas zuwa Kalaba.

Ban ce a kori masu zuba jari ba. Wanda ya share wuri, ya gina banɗaki, ya ɗauki masu ceto, ya cancanci a biya shi, domin igiyar ruwan Legas ba abin wasa ba ce. Sai dai dokar filaye ta 1978 ta ce amanar ƙasa gwamna ke riƙe wa jama'a, kuma teku ba wani ya haƙa shi ba.

Roƙona ga gwamnatin jihar shi ne ta keɓe gaɓa ɗaya a ɓangaren Lekki, ɗaya a Badagry, kyauta, ta sa hukumar tsabtace gari ta LAWMA kwashe shara, ta ajiye masu ceto, ta kuma hana 'yan tasha kafa igiya a bakin hanya suna karɓar kuɗi.

Naka,
Mai karatu daga Agege, Legas